Jiragen Da Ke Kwance A Ƙarƙashin Tafki: Amsoshin Wasiƙunku

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan kusan duk ruwa suka nufa, sanadiyyar bidiyon nan da ke yawo a wayoyi, na masu nutso da tukwanen iska a baya suna zagaya tsofaffin jirage a ƙarƙashin tafki. Ni ɗan masunta ne daga bakin kogin Haɗejiya kafin alli ya ɗauke ni zuwa koyar da labarin ƙasa, don haka an sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na zaɓi wasiƙa biyar, na rage musu tsawo.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibin sakandare ne a Ringim. A bidiyon an rubuta wai jirgin katako ne a wani tafki a Kanada, wai ya haura shekara ɗari a ruwa. Abokaina sun ce haɗin kwamfuta ne. Ni ma abin ya ɗaure mini kai, don kwalekwalen kawuna 'yan damuna kaɗan ya yi ya ruɓe. Kuma ta yaya ma babban jirgi zai nutse a tafki?

AMSA: Ɗana, ka ce wa abokanka su ajiye gardama. Yadda ka siffanta shi, jirgin da ake kira Sweepstakes ne ko wani irinsa. An ƙera shi a 1867, na katako ne, mai tafiya da ƙarfin iska, irin wanda ake ɗaura wa manyan ƙyallaye a kan dogayen sanduna. A 1885 yana ɗauke da kwal ya samu rauni kusa da wani tsibiri, aka jawo shi zuwa mashigar ruwan garin Tobermory da ke bakin tafkin Huron, kafin a gyara shi ya nutse a wurin. Tsawonsa ya kai mita 36, zurfin inda yake kwance kuwa mita 6 ne kawai, har daga cikin kwalekwale ana hango shi. Kanada ta killace wannan yankin a 1987, kuma akwai jirage sama da 20 a cikinsa.

Tafkunan da ake magana guda biyar ne: Superior, Huron, Erie da Ontario a kan iyakar Amurka da Kanada, sai Michigan da ke cikin Amurka gaba ɗayansa. Superior kaɗai faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 82,000. Ka haɗa jihar Kano da Jigawa wuri ɗaya, to sun ɗan wuce rabinsa ne kawai. Wuri mafi zurfi a cikinsa ya haura mita 400. Tafkunan biyar suna riƙe da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke kwance a doron ƙasa. Kafin jirgin ƙasa da mota su yi ƙarfi, su ne hanyar da alkama da masara da katako da tama suke bi, jirage ɗaruruwa suna kai da komo, babu na'urar hango hanya, ga hazo, ga duwatsu a ɓoye. Watan Nuwamba shi ne mugun wata a wurinsu. Guguwar Nuwamba ta 1913 ta yi kwanaki tana kaɗawa, ta ci mutum sama da 250. An wayi gari aka ga wani ƙaton jirgin ƙarfe mai suna Charles S. Price a kife yana yawo a tafkin Huron, sai da mai nutso ya shiga ya karanto sunansa aka san wanda ne. Ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne jirage kusan 6,000 da rayuka kusan 30,000 a tafkunan gaba ɗaya.

Batun ruɓewa kuwa, kawunka zai gane shi kafin kai. Abin da ke cin kwalekwale shi ne shiga da fita: yau a jiƙe, gobe rana ta ƙona shi, iska na ratsa shi, ruwan kuma da ɗumi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, idan zai daɗe bai yi aiki da kwalekwale ba, cika shi yake da ruwa ya danne da duwatsu ya nutsar da shi a gefen kogi, don kada ya tsage. Katakon da ya nutse ya zauna bai sake shaƙar iska ba yana daɗewa ƙwarai. A can kuma an ƙara masa da sanyi. Ƙasan waɗannan tafkuna yana zama kusan digiri 4 rani da damina, ƙwayoyin da ke ruɓar da itace ba sa iya wani kataɓus a irin wannan sanyi. Na uku, a teku akwai wata tsutsa mai huda katako, aikinta ɗaya da na gara a azarar ɗaki, cikin 'yan shekaru take gamawa da jirgi. Wannan tsutsar ba ta rayuwa a ruwan daɗi. Babu gishiri kuma, don haka tsatsa ma a hankali take cin ƙarfe.

Wanda ya fi burge ni shi ne Cornelia B. Windiate. Ya ɗauko alkama a ƙarshen 1875 ya ɓace da shi da mutanensa. Sai a 1986 aka gano shi a tafkin Huron, a zurfin kusan mita 55, a zaune daram, sandunansa a tsaye, ƙaramin kwalekwalensa a gefe. Yana cikin yankin Thunder Bay da aka killace a shekarar 2000, inda aka gano jirage kusan 100.

Sai dai yanzu an samu sabon abokin gaba. A 1988 aka fara ganin wasu ƙananan halittu masu ɓawo irin na kodi, waɗanda suka biyo ruwan da manyan jiragen teku ke ɗibowa daga gabashin Turai don daidaita nauyinsu. Sun hayayyafa fiye da ƙima. Suna tace ruwa ya yi garai-garai, shi ya sa bidiyon ya fito tas har abokanka suka yi shakka, amma kuma sun lulluɓe jiragen, sun rufe sunaye da sassaƙa, nauyinsu yana karya tsohon katako. Superior ne ya fi tsira daga gare su.

TAMBAYA: Ni masunci ne a dam ɗin Challawa ta wajen Ƙaraye. Ina nutso in ciro raga idan ta maƙale, kuma a garinmu babu wanda ya kai ni daɗewa a ruwa. Na yi tunanin in samu injin hura taya na masu faci, in haɗa doguwar roba, yarona ya tsaya a kwalekwale yana kunna mini. Ko zai yi?

AMSA: Ɗan'uwa, don girman Allah kada ka yi. Wannan wasiƙar ce ta sa ban ɗage filin nan zuwa wata mai zuwa ba.

Na farko, iskar injin faci ba ta shaƙa ba ce. Tana ɗauke da tururin mai, kuma idan injin na fetur ne yana iya zuƙo hayaƙinsa ya tura maka. Wannan hayaƙin shi ne mai kashe mutane a ɗaki idan sun kwana da janareta, a ƙarƙashin ruwa kuwa ya fi saurin aiki. Iskar da masu nutso ke ɗurawa a tukunya irin wadda muke shaƙa ce, amma an tace ta, an busar da ita, an matse ta kusan ninki 200 a tukunya mai kimanin lita 12. Akwai kuma na'urar da ake kamawa a baki, wadda ke sako iskar daidai da nauyin ruwan da ke kan mutum. Wani sojan ruwan Faransa, Jacques Cousteau, da injiniya Émile Gagnan ne suka haɗa ta a 1943.

Na biyu shi ne wanda nake so ka karanta sau biyu, don gwanintarka ce za ta cuce ka. Kai da ni an koya mana nutso da riƙe numfashi. Ka cika ƙirji a sama, ka sauka, ruwa ya matse iskar, ka dawo ta koma yadda take, babu abin da ya same ka. Wanda ya shaƙi iska a ƙasa lissafinsa daban ne. Kowane mita 10 na zurfi yana ƙara nauyi daidai da na iskar da ke kanmu a tudu. Numfashin da ka ja a mita 10, idan ka riƙe shi ka taso, kafin ka iso sama ya ninka biyu a cikin huhunka, huhu ya yage. Ko a zurfin da bai kai tsayin ɗaki biyu ba hakan na faruwa. Darasin farko da ake koya wa mai nutso da tukunya shi ne kada ya taɓa riƙe numfashi, kai kuwa ranar da robar ta toshe ka firgita, jikinka abin da ya saba tun kana yaro zai yi.

Akwai na uku. Kusan kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne. Idan mutum ya daɗe a ƙasa, wannan sinadarin yana narkewa ya shiga jini da tsoka. In ya taso da sauri sai ya zama kumfa a jijiyoyi da gaɓoɓi, daga ciwon gwiwa da kafaɗa har shanyewar jiki ko mutuwa. Maganinsa wani ɗaki ne na ƙarfe da ake sa mutum a sake matse shi da iska a sassauta a hankali, kuma ba abu ne da za ka samu a asibitin karkara ba. Shi ya sa suke tasowa sannu, kimanin mita 9 a minti ɗaya, su tsaya a mita 5 na minti uku. Daga mita 30 kuma naitirojin yana sa maye, mutum ya manta abin da ya kai shi. Mai takardar koyon farko ba ya wuce mita 18, iyakar nutson nishaɗi gaba ɗaya mita 40 ce. Masu zuwa wurin Windiate iska ta musamman suke haɗawa da hiliyam, wata iska marar nauyi da ba ta sa wannan maye, su ɗauki tukwane da yawa, su sa rigar da ruwa ba ya ratsawa saboda sanyi. Shiga cikin jirgin ma karatu ne daban: ƙafa ɗaya ta taɓa laka ruwa ya gurɓace, ba ka ganin tafin hannunka, sai zaren da ka ɗaura a ƙofa ne zai fitar da kai. Duk da wannan shiri, jirgin Arabia da ya nutse da masara a 1884 kusa da Tobermory, mai zurfin mita 30 da 'yan kai, ya ci masu nutso.

Raga ba ta kai ranka ba. In ta maƙale a inda numfashinka bai kai ba, yanke ta. Idan kuma da gaske kana son sana'ar, akwai masu koyar da ita a Legas da Fatakwal saboda aikin mai da tashoshin jiragen ruwa, kuma sai likita ya duba ƙirji da kunne tukuna. Mai asma da mai sikila da mai farfaɗiya ba nasu ba ne. Mutum irinka da ya samu horo da kayan aiki, mu nan mun fi Kanada bukatarsa.

TAMBAYA: Ni malamar Islamiyya ce a ƙasar Bagwai. Tun da kwalekwale ya kife da yaranmu ba na son ko kallon ruwa. Da na ga mutanen nan suna ɗaukar hoto a inda wasu suka rasu sai raina ya ɓaci. Wannan ba cin mutuncin mamata ba ne?

AMSA: Malama, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba ku haƙuri. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba za ta fita daga zuciyar kowa ba, aƙalla mutum 29, yawancinsu 'yan makaranta da suka taso daga Badau za su Mauludi. Ɓacin ranki yana kan hanya, kuma su ma can sun yi wannan muhawarar.

Jirgin da ya tayar da ita shi ne Edmund Fitzgerald. Tsawonsa mita 222, yana ɗauke da tama fiye da tan 26,000, ya nutse a Superior daren 10 ga Nuwamba 1975 da mutum 29, ko kiran neman agaji bai yi ba. Yana kwance gida biyu a zurfin kusan mita 160, kuma ba a ciro gawa ko ɗaya ba. A 1994 wasu suka sauka da ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa suka ɗauko hoton wata gawa a gefensa. Iyalan suka tashi tsaye. A 1995, da amincewarsu, aka ciro ƙararrawar jirgin aka kai gidan tarihi na Whitefish Point da ke bakin tafkin, aka mayar da wata a madadinta da sunayen mamatan a jiki. A 2006 lardin Ontario na Kanada ya kafa doka, babu mai kusantarsa sai da lasisi. Duk ranar da shekara ta zagayo ana kaɗa ƙararrawar sau 29, a ƙara ɗaya domin sauran da tafkunan suka ci.

A nahiyarmu ma an yi. Jirgin Bukoba ya kife a tafkin Biktoriya kusa da Mwanza ta ƙasar Tanzaniya ranar 21 ga Mayu 1996, an yi masa lodin da ya wuce ƙa'ida, ɗaruruwan mutane suka mutu. Da aikin ciro gawawwaki ya gagara aka dakatar, aka bar sauran a ciki.

Hukunci na malaman fiƙihu ne, ki kai musu. Ra'ayina dai shi ne a rarrabe. Sweepstakes babu wanda ya mutu a cikinsa, kallonsa da kallon tsohuwar ganuwa duk ɗaya. Amma akwai irin Kamloops, wanda ya nutse a Superior a 1927 aka gano shi a 1977, sanyi ya adana gawar ɗaya daga cikin ma'aikatansa a ɗakin inji, har masu nutso suka laƙaba masa suna suna ba da labarinsa. Wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan, mutumin nan ɗan wani ne. Abin da nake yaba musu shi ne rubutu. Jirgin da ya nutse a 1875 sun san abin da ya ɗauko da inda ya nufa. Ina ba ki shawara ku rubuta sunayen yaran nan da na iyayensu, ku ajiye a makarantar, tun waɗanda suka san su suna raye.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a Maigatari. Tsakani da Allah, ba zinare suke nema ba? Wa zai shiga wannan sanyi a banza?

AMSA: Alhaji, ran ɗan kasuwa ya daɗe. Alkama ce da kwal da katako da duwatsu. Akwai ma wanda ake kira Rouse Simmons, da ya nutse a tafkin Michigan a 1912, kayansa itatuwan ado na Kirsimeti ne. Ko ƙusa ka cire doka za ta hau kanka, don Amurka ta mallaka wa jihohi irin waɗannan jirage tun ƙarshen shekarun 1980. Kuɗin yana tudu: mai kwalekwalen da ke kai baƙi, mai masauki, mai ɗura iska, mai abinci. Tobermory ƙaramin gari ne, amma da bazararsu cika yake maƙil.

TAMBAYA: Ni mai unguwa ne a ƙasar Guri. Shin mu a nan muna da irin waɗannan abubuwa a ruwanmu, ko sai dai mu ji labari?

AMSA: Ranka ya daɗe, irin nasu dai babu. Manyan ruwayenmu na jiya-jiya ne: Kainji 1968, Tiga 1974, Challawa 1992, kuma ba su taɓa ɗaukar manyan jirage ba. Ruwan da ɗumi, da laka, ga tsargiya, a wajenku kuma ga kachalla ta cinye hanya. Tafkin Chadi faɗi gare shi, ba zurfi ba. Abin da ke ƙarƙashin Kainji garuruwa ne, har da tsohuwar Bussa, inda Baturen nan mai binciken kogin Neja, Mungo Park, ya gamu da ajalinsa a 1806.

Gabashin Afirka ne ke da tafkuna masu zurfi. Tanganyika ya kai mita 1,470. A can Jamusawa suka kawo wani jirgi da suka ƙera a 1913, gunduwa-gunduwa cikin akwatuna, suka harhaɗa shi a Kigoma da ke bakin tafkin, cikin Tanzaniya ta yau. Da yaƙi ya juya musu baya a 1916 suka shafe injinansa da giris suka nutsar da shi da gangan. Ingila ta ciro shi a 1924, ya koma aiki a 1927 da sunan Liemba, ya shafe gomman shekaru yana jigilar mutane tsakanin Tanzaniya da Zambiya.

Amma abin da ya girme su duka yana maƙwabtaka da kai. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, kusa da kogin Komadugu Gana, ya ci karo da itace a zurfin kusan mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994. Kwalekwale ne da aka sassaƙa daga itace guda, dangin maɗaci, tsawonsa ya ɗan haura mita 8, awo kuma ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne mafi tsufa da aka sani a Afirka, yana Damaturu. Jiƙaƙƙiyar laka da rashin iska ne suka adana shi, kuma ƙasarku ta fadama irin wannan ce.

Don haka ranka ya daɗe, ka faɗa wa masu haƙar rijiya da masu tonon yashi: in suka ci karo da sassaƙaƙƙen itace a zurfi, su dakata. Kada a jawo shi da igiya, kada a shanya shi. Tsohon itacen da ruwa ya ratsa, ruwan ne ke riƙe da shi, rana ta same shi zai tsattsage ya marmashe cikin 'yan kwanaki. A mayar masa da jiƙaƙƙiyar laka, a rufe bakin ramin saboda yara da dabbobi, a bar duk tsingaro ko ƙashin da ke kusa a inda yake, sannan a sanar da hakimi ya aika wa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, suna da ofis a Gidan Makama a Kano.